Tela da Shan Bugu, “Sitilis” da Karɓar Tafi



Da aka ce kowa ya kawo rubutunshi na wannan fitowa, na ce ni a kan riga zan rubuta. Wani ɗan ajinmu ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, “Ke kuma, duk matsalolin ƙasar nan ba ki ga ko ɗaya ba sai zancen gayu?” To ga zancen gayun nan. Wanda ya karanta har ƙarshe ya ga babu ruwanshi a ciki, ya kai wa mai ƙosai takardar ta ƙunsa kayanta, ban ji haushi ba.

Watannin baya wata ƙawata ta samo katin gayyata guda biyu na wani “défilé de mode” da aka shirya a zauren wani otal nan Yamai. Ba FIMA ba ce, ƙaramin biki ne irin wanda ake yi jefi-jefi. Ban taɓa halartar irinshi ba, har takalmi sai da na ara. Muka shiga, ga sanyi, ga fitilu, ga kiɗa, ga ƴan mata dogaye suna taku kamar an ci su tarar murmushi. Ba zan yi maku ƙarya ba, abin ya burge ni. Na ga ɗinkin da ban san ana iya yin irinshi a ƙasar nan ba, na kuma yi tafi har hannuna ya yi zafi.

Can wajen tsakiyar biki wata yarinya ta fito da doguwar kwat ta farar shadda. Da ta kai ƙarshen dandamali ta juya, sai gabana ya faɗi. A bayan kwat ɗin akwai aska biyu da tambari, aikin hannu da zare ruwan ƙasa, kuma na san hannun da ya yi shi. Babana ne. Shekara talatin da wani abu yana aikin wuyan riga a zaurenmu a Maraɗi. Bahago ne, tambarinshi ta hagu yake naɗewa, ko cikin riguna ɗari zan fidda nashi. Wanga aiki kuwa a gabana aka yi shi lokacin hutu. Wani dillali ne ya kawo ƙyallen a yanke, bai faɗi na wane ne ba. Mako bakwai Baba ya yi a kanshi, ni ke zura mishi zare a allura don idonshi ya fara rauni.

Na kasa kunne in ji abin da mai gabatarwa zai ce. Ya ce, “veste d'inspiration nomade, broderie ethnique.” Wato kwat ce da aka samo tunaninta daga makiyaya, da surfani na ƙabila. Wace ƙabila? Oho. Waɗanne makiyaya? Mutumin da ya yi aikin nan ko akuya ba ya kiwo, tafiyarshi mafi nisa a mako ita ce daga zaure zuwa masallacin Juma'a. Aka kira sunan mai kayan, ya fito ya rusuna, aka yi tafi. Aska ba ta samu sunanta ba, tambari bai samu nashi ba, balle tsohon da ya ba da mako bakwai na ganinshi.

Bayan an tashi na zagaya inda aka rataye kayan, na juya ƴar takardar da ke wuyan kwat ɗin. Jika 350. An biya Baba jika 25.

Da dare na kira shi ina huci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “To ɗiyata, ai abin da munka yi ciniki shi anka ba ni, ba su rage mini ko dala ba.” Ya yi shiru kaɗan, sai ya ce, “Ta zauna daidai a bayan yarinyar? Askar ba ta karkace ba?” Na ce ta zauna. Ya ce, “Alhamdu lillahi.” Shi nan tashi maganar ta ƙare. Ni kuwa nan tawa ta fara.

Ban ce an yi wa Baba sata ba. An yi ciniki, an biya. Sai dai ciniki tsakanin wanda ya san inda kaya za su da wanda bai sani ba, kowa ya san wanda zai kwana da riba. Abin da nake so mu duba, mu da muke karatun harshe da ku da kuke karatun wasu fannoni, shi ne yadda aka yi wannan rata ta jika 25 da jika 350 ta zama abin da ba mai jin kunyarshi. Ni a ganina da kalmomi aka gina ta.

Ku duba. Mutum biyu suna zaune gaban keken ɗinki iri ɗaya. Ɗaya yana cikin rumfar kwano a kasuwa, ana ce mishi tela. Ɗaya yana cikin shago mai gilashi a Plateau, ana ce mishi “styliste” ko “créateur”. Wurin na farko shago ne, wurin na biyu “atelier”. Na farko yana da yaran shago, na biyu yana da “équipe”. Abin da na farko ya fitar ana ce mishi ɗinkin Salla, na biyu kuwa “collection”. Wurin tela kina zuwa da bakinki a wase, ya ce jika uku ki ce jika da rabi, har ki haɗa da rantsuwa. Wurin “créateur” kuwa taya kaya abin kunya ne, sai ki karanta kuɗin a takarda ki haɗiye miyau ki ce “c'est joli”. Tun a shekarar farko malamanmu suka koya muna cewa idan harsuna biyu suna zaune a ƙasa ɗaya, ɗaya na ofis ɗaya na kasuwa, to kalmomin na ofis sukan ɗauki daraja, na kasuwa su ɗauki ƙura. Mun rubuta wannan a kaye, mun ci jarrabawa da shi. Ni sai a daren nan na gan shi da idona, rataye a wuyan kwat.

Wani zai ce ai dole ce ta sa, Hausa ba ta da kalmomin wannan harka. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a zauren masu aikin riga ba. Abin da Bafaranshe ya tattara ya kira “boubou”, kalmar da shi ma daga Wolof ya aro ta, mu a wurinmu gida ne mai ɗakuna da yawa. Akwai gare, fara sol. Akwai kore, wadda aka rina da baba aka buga har tana ƙyalli. Akwai saƙi mai zanen zabo. Akwai barage mai ratsin alharini. Akwai tsamiya, wadda zarenta daga gidan wata tsutsa ake samo shi. A aikin wuya akwai aska biyu, akwai aska takwas, akwai tambari, akwai gidan biyar, akwai linzami. A kai akwai haɓar kada, akwai dara, akwai zanna, kuma naɗin rawanin malami daban yake da na ɗan sarki. Kowace kalma a nan tana gaya maka ko nawa ne kuɗin abu, ko wata nawa ya ci, ko wa ya isa ya sa shi. Ranar da aka shafe su duka aka ce “broderie ethnique”, an mai da aikin wata uku da aikin kwana uku abu ɗaya, kuma wanda ya yi na wata ukun shi ya yi asara.

Ita kanta kalmar “mode” muna da ita. Yayi ke nan. Ana yayin abu, yayinshi ya wuce, a ce da shi tsohon yayi. Muna da ado, muna da kwalliya, muna caɓa ado, muna cancaɗa kwalliya, muna kece raini, samarin yanzu suna ɗaukar wanka. Harshen da ya bambanta caɓawa da cancaɗawa ba zai rasa bakin magana a gaban dandamali ba. Ku duba kuma yadda nahawunmu yake ba kowane mai sana'a kujerarshi. Daga saƙa muka sami masaƙi da masaƙa, daga rini marini da marina, daga jima majemi da majema, daga bugu mabugi da mabuga, daga ɗinki maɗinki. Ɗafin “ma-” guda ɗaya yana nuna maka mai aikin da wurin aikin. Riga ɗaya takan bi ta hannun mutum biyar ko shida, kuma Hausa ta san sunan kowanensu. Tsarin da aka kawo muna suna ɗaya tak ya sani, na wanda ke fitowa a ƙarshe ya rusuna.

Wannan kuwa ba yau aka fara yi muna shi ba. Ku zagaya Yamai za ku ga alluna an rubuta “maroquinerie” a shagunan jaka da takalmi. Kalmar daga sunan Maroko ta fito. Tarihi kuwa ya nuna cewa da yawa daga cikin fatun da Turawa suka riƙa kira “maroquin” daga ƙasar Hausa ayari ke ɗaukarsu, su ƙetare Sahara zuwa arewacin Afirka, daga can su shiga jirgin ruwa. Fatar jar akuya ce, irin ta Sakkwato da ƴar'uwarta ta Maraɗi, wadda har gobe ake yabon laushinta. Majemanmu suka sha warin jima, dukawanmu suka yi aikin, tashar da kaya suka bi ta tafi da suna. Yau jikan baduku na Damagaram, in yana so a ɗauke shi da daraja, sai ya rubuta sunan wata ƙasa a ƙofar shagonshi. Bature Heinrich Barth, wanda ya bi ta Tasawa ya shiga Kano a 1851, ya ba da labarin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a can suke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Mutanen da suka tufatar da rabin Sahara su ne yau ake gabatar da aikin jikokinsu kamar wani abu da aka tsinta a daji.

Ga wani abin da ya kamata ya tayar muna da hankali. Ku ɗauki kayan da muke taƙama da su ranar Salla ku bi asalinsu. Shaddar da ake kira Getzner a Ostiriya ake saƙa ta. Atamfar da iyayenmu mata ke kira Holan ta kamfanin Vlisco ce, a garin Helmond, kamfanin da ke nan tun 1846, kuma dabarar zanenta daga batik na tsibirin Java aka kwaikwayo ta. Mai arahar da mu ɗalibai muke iya saye yawancinta daga Sin take zuwa. Zare na waje, allura ta waje, keken ma na waje. Atamfar Sonitextil sai dai mu ji labarinta a bakin manya. To in an cire duk waɗannan, me ya rage namu a jikin rigar? Hannun da ya yi ta, da sunan da muka ba ta. Abu biyun nan kaɗai muka mallaka, kuma su ne aka ɓoye a daren nan. Ka ɓoye hannu, ka sake suna, sannan ka rubuta “mode nigérienne” a allo. Wace Nijar ɗin ta rage a ciki?

Kar wani ya ce suna ba ya sayar da kaya. Ku tambayi matan kasuwar Lome da ake kira Nana Benz. Zanen atamfa yakan fito daga Holan da lamba kawai, matan kasuwa su laƙaba mishi suna, wannan “idon kishiyata”, wancan “mijina ya isa”, sai ka ga mata suna rububinshi. Sun san abin da masu shirya bikinmu suka manta, cewa mutum yakan sayi zane tare da maganar da ke cikinshi.

Na san amsoshin da za a ba ni, don an riga an ba ni wasu a bakin aji. Ta farko, an ce ke da kike karatun harshe kin fi kowa sanin aro ba laifi ba ne. Gaskiya ne. Ita kanta kalmar tela daga Ingilishi muka aro ta. Alkyabba da kaftani ta hanyar Larabci suka zo muna. Lakwal da kaye da kuran duk na Faransanci ne, kuma ga ni ina amfani da su ba tare da na nemi gafarar kowa ba. Aron da ke cike giɓi alheri ne. Wanda nake faɗa da shi shi ne aron da ya tarar da kalma a zaune, ya tashe ta, ya tura ta bayan gida tare da masu ita. Da muka ari “tela” ba mu rage wa maɗinki kuɗin aikinshi ba. Da aka kawo “styliste” kuwa, an kawo ta ne don a raba masu ɗinki gida biyu, a ce waɗannan masu tunani ne, waɗancan masu taka keke.

Ta biyu, an ce masu sayen kayan baƙi ne, dole a yi masu magana da harshen da suke ji. To a yi masu mana, wa ya hana fassara? Amma ku gaya mini, da wane suna Japanawa suke sayar da kimono? Da wane suna Indiyawa suke sayar da sari? Mu dawo kusa. Ƴan Gana ba su canja wa kente suna ba. Bogolan kalmar Bambara ce, daga “bogo”, wato laka, kuma da wannan suna marigayi Chris Seydou na Mali ya kai shi dandamalin Turai. A Burkina, tun zamanin Thomas Sankara aka tsaya kai da fata a kan Faso Dan Fani, yau duk wanda ya san tufafin Afirka ya san sunan. Baƙon da ya iya furta “bogolan” ba zai shaƙe da “aska takwas” ba. Mu ne dai muke jin nauyin faɗa. Haka tera-tera ta ƴan'uwanmu na yamma, haka alasho na Abzinawa, haka sunayen da Fulani da Barebari da Tubawa suke kiran kayansu. Na yi maganar Hausa ne don ita na sha a nono, amma ciwon na kowa ne.

Ta uku, an ce shi ma mai zayyana aiki yake yi. Wannan ban musa ba ko kaɗan. Wanda ya yi tunanin ɗauke aska daga ƙirjin babbar riga ya kai ta bayan kwat ta mata ya yi tunani, kuma tunanin ya yi kyau. Shi ya sayi shadda, shi ya biya zaure da fitilu da ƴan matan da suka nuna kayan, shi zai yi asara in ba a saya ba. Ya ci ribarshi, halal ce. Haka kuma ba zan raina abin da Alphadi ya yi ba. Mutumin da ya kafa dandamali a Tigidit, cikin hamada kusa da Agadas, a 1998, ya sa manyan gidajen ɗinki na duniya suka tako ƙasar nan, ya cancanci a yaba mishi. FIMA ta sa an san Nijar da wani abu ban da fari da yunwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da nake tambaya ƙarami ne: me zai ragu a jikin mai zayyana in ya ce wane ne ya yi mini surfani, wance ce ta yi mini rini? A 2019, da gidan Dior ya yi bikinshi a Marrakesh, bai ɓoye cewa kamfanin Uniwax na Abijan ne ya buga mishi atamfa ba, ya kuma ambaci Pathé'O, wanda ya yi wa Nelson Mandela riguna, mutumin da shi ma da yaron shagon tela ya fara. Ina da abin cewa a kan Dior da ire-irensu, amma a nan sun faɗi suna. In na Paris ya iya, na Yamai me ya hana shi? Ni dai amsa ɗaya na hango. Ranar da aka san sunan Baba, wani zai neme shi kai tsaye, kuma ranar jika 25 ta ƙare.

Akwai kuma masu cewa duk wannan harka fasadi ce, a rufe ta kowa ya huta. Ni ƴar Maraɗi ce, na san inda wannan magana ta taɓa kai mu. A watan Nuwamba na 2000, da aka kawo FIMA Yamai, an yi zanga-zanga a nan, a garinmu kuma abin ya zama tarzoma, aka afka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren ibadar Kirista. Ba a haife ni ba a lokacin, amma na taso ina jin labarin a tsakar gida. Maganar abin da ya dace a nuna na jikin mace magana ce ta gaske, ni ma da mayafina nake yawo, kuma akwai kayan da na gani a daren nan da ba zan sa ba ko a ɗaka. A yi wannan muhawara da baki. Amma ina tambayar masu wannan ra'ayi: wutar da aka kunna a 2000, tela nawa ta ƙara wa kuɗin ɗinki? Idonku ya ga ƙafar yarinyar da ke tafiya a dandamali, bai ga haƙƙin tsohon da ya yi aikin da ke bayanta ba, alhali addinin da muke bi bai yi wasa da haƙƙin wanda aka sa aiki ba. Kuma in nuna ado a bainar jama'a ne laifi, me muke yi ranar hawan Salla a Maraɗi da Tsibiri da Damagaram? Alkyabba bisa alkyabba, rawani bisa rawani, har doki da nashi kayan, mutane sun yi layi suna kallo suna cewa wane ya fi wane. Mun daɗe muna da dandamali, ƙasa ce kawai shimfiɗarshi. Har ma ya fi na otal abu ɗaya, don a can tsofaffi sukan dubi riga su ce wannan aikin gidan wane ne.

Yanzu in dawo kanmu, don in na tsaya a kan masu otal kaɗai na yi rabin gaskiya. Mu ɗalibai mun fi kowa wulaƙanta tela. Mu ne muke kai mishi hoto daga Instagram mu ce “irin wannan sak”, mu taya aikin kamar muna sayen tumatir da yamma, mu karɓi kaya mu ce sauran kuɗin sai ƙarshen wata, watan da ba ya ƙarewa. In kayan sun yi kyau muka ɗauki hoto, sunan shagon da muka sayi jaka muke rubutawa, na tela kuwa ko ƙawa ta tambaya sai mu ce “wani ne can unguwarmu”, don kar ta je ta yi irin namu. Na yi wannan da kaina, ba sau ɗaya ba. Eh, na san alƙawarin tela, na san “dawo gobe” da ke kaiwa har daren Salla. Amma mutumin da ake biya kuɗin da bai isa cefane ba dole ya karɓi ɗinkin mutum hamsin a wurin na ashirin, ga kuran tana zuwa tana tafiya. Ƙaryarshi da rowarmu uwarsu ɗaya.

Sakamakon yana nan a gidanmu. Baba ya koya wurin babanshi. A da zaurenmu ba ya rasa yara huɗu ko biyar masu koyo, yau babu ko ɗaya. Ƙanena ya ce shi ba zai makance a kan allura don jika 25 ba, ya kama kabu-kabu, kuma ban ga laifinshi ba. Injin surfani mai kwamfuta yana fidda abin da ya yi kama da aska cikin awa kaɗan, masu saye da yawa ba su san bambanci ba, don ba a taɓa gaya masu sunan abin da suke kallo ba balle su san na gaske. Ran da Baba ya ajiye allura, akwai kalmomin da za su bi shi, sunayen ɗinki da na zare da ni kaina ban gama sani ba, kuma ban gan su a ƙamus ɗin da ke laburarenmu ba.

A 2025 an rubuta a dokar ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa. Wasu sun yi murna, wasu sun yi ƙorafi, wannan muhawarar wata rana ce. Ni abin da na sani, takarda ba ta ɗaga harshe in masu shi suna jin kunyar kiran rigarsu da sunanta a gaban baƙi.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Ga masu shirya biki: duk rigar da ta hau dandamali, a faɗi sunan mai zayyana, a faɗi na maɗinki, da mai surfani, da marini ko baduku in akwai hannunsu. A rubuta a takardar wuyan riga. A kira aikin da sunanshi na asali, sannan a fassara wa baƙo.

Ga ƴan'uwana ƴan jarida masu tasowa: in kun je ɗauko labarin irin wannan biki, ku tambayi mai kayan wa ya ɗinka. Tambaya ɗaya ce. In ya yi inda-inda, to kun sami labari.

Ga ƙungiyoyinmu na ɗalibai: duk shekara muna yin makon al'adu, muna yin namu ɗan “défilé”. Bana mu gwada gabatar da shi da harsunanmu, mu gayyato telolin da suka yi kayan su zauna a layin gaba, a kira su su miƙe. Ko mu ce mishi nunin sutura, ko bajekolin ado, ko wani ya kawo wadda ta fi, baki ne zai zaɓa.

Ga kowa da kowa: hutu na zuwa. Wanda zai tafi Tawa, da mai zuwa Damagaram, da na Dogon Dutsi, da na Mirya, kowa ya ɗauki kaye ya zauna wurin wani tsoho mai sana'a, masaƙi ko marini ko baduku ko tsohuwa mai kaɗi, ya rubuto kalma goma da ma'anarsu da sunan garin. Ya kai goro, kar ya je hannu sake. In mu talatin muka yi, kalma 300 ke nan, mu buga su a fitowa ta gaba. Ni na fara, ina da 41 daga bakin Baba, kuma da na karanta mishi su ya gyara mini bakwai.

Sannan in kin sa kaya sun yi maki kyau aka tambaye ki, ki faɗi sunan telanki. Ki biya shi cikon kuɗinshi tukuna.

Ɗan ajinmu da ya yi mini dariya, na san kana karantawa. Rigar da ka sa ranar Juma'ar da ta wuce ta yi kyau ƙwarai. Wa ya ɗinka maka ita, kuma nawa ya rage yana binka? Fili na nan a fitowa ta gaba in kana da amsa.